Tambaya da Amsa: Daga Wa zuwa Bolga, Nisan Sama da Nisan Ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Aboabo, nan Kumasi, ina saro man kaɗanya da gyaɗa daga arewa ina sayarwa. 'Yata da ke aure a Wa ta haihu, kuma in Allah ya yarda zan je in zauna da ita har ta ɗan yi ƙwari, daga can kuma ina so in zarce Bolga in sari kwanduna da batakari kafin in dawo gida. Ɗana ya duba a wayarsa ya ce tsakanin Wa da Bolga bai wuce kilomita 200 ba, wai tafiyar awa biyu da rabi ce, har ya ce idan ina gudun wahala zai yankar mini tikitin jirgi. Amma wani direba a tashar Krofrom ya ce mini in ware yini guda cur, kuma idan damina ta kankama sai an zagaya ta Tamale. Wanne zan kama a cikin maganganun nan biyu? Kuma da gaske akwai jirgin da ke tashi daga Wa ya sauka a Bolga?

Mai karatu, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Barka da arziki, Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya.

Ɗanki bai yi ƙarya ba, direban ma gaskiya ya faɗa miki, sai dai abin da kowannensu ya auna daban ne, kuma tunda tafiya za ki shirya, maganar direban ce za ki riƙe. Lambar da ɗanki ya gani ita ce tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu idan aka ja miƙaƙƙen layi a kan taswira, ba tare da an kula da kogi ko daji ko inda aka zuba kwalta ba. A wannan ma'auni, tsakanin Wa, babban birnin yankin Upper West, da Bolgatanga, babban birnin yankin Upper East, kimanin kilomita 200 ne. Amma babu titin da ya bi wannan layi, babu kuma jirgin fasinja da ke binsa, saboda haka lambar ba ta da amfani ga wanda zai ɗauki jaka ya nufi tasha.

Hanyoyin mota biyu ne mutane suka sani. Ta farko ita ce ta arewa, wadda take tashi daga Wa ta bi ta Han zuwa Tumu, kimanin kilomita 135, sannan ta karkata gabas ta ƙetare kogin Sisili, ta bi ta Nakong da Chiana da Chuchuliga ta shiga Navrongo, wanda wannan ma ya ɗan haura kilomita 100, daga Navrongo kuma saura wajen kilomita 30 a shiga Bolga. Idan aka haɗa, tafiyar tana kai wa kilomita 270 zuwa 280. Ta biyu ita ce zagayen da direban ya ambata miki. Mota za ta fara yin kudu daga Wa zuwa Sawla, kusan kilomita 100, ta juya gabas ta bi ta Larabanga da Damongo zuwa mararrabar Fufulso, ta ƙetare gadar Yapei ta shiga Tamale, wato kimanin kilomita 300 daga Wa, sannan ta sake fuskantar arewa ta bi Savelugu da Nasia da Walewale da Pwalugu, wasu kilomita 160, kafin ta isa Bolga. Jimillar wannan zagaye tana tsakanin kilomita 460 da 470, wato ya ninka lambar da ke cikin wayar ɗanki har ya yi rara.

Mai hankali zai ce, to ai hanyar Tumu ce mafi kusa, me zai sa mutum ya ƙara wa kansa kusan kilomita 200? Dalilin shi ne tsawon hanya daban, lafiyarta daban. Shekaru da dama ke nan sassa masu yawa na titin Wa zuwa Tumu, da na Tumu zuwa Chuchuliga, jar ƙasa ce da tsakuwa, inda aka taɓa zuba kwalta ma a wurare da yawa ta farfashe ta bar ramuka. Da rani gargada ce take hana mota gudu, duk wani ƙarfe na jikinta yana ƙara, direba ba ya iya wuce kilomita 30 ko 40 a awa idan yana tausayin motarsa da fasinjojinsa. Ƙura tana shiga ta kowace kafa ko da an rufe tagogi, mata suna naɗe hanci da gefen mayafi, kuma idan aka sauka a Tumu za ki ga gira da gashin ido na kowa sun koma ja, jakunkunan da aka ɗaure a saman mota kuwa ba a gane launinsu na asali sai an kakkaɓe. Da damina lamarin yakan fi haka tsanani, domin ruwa yakan cinye gefen kwalbati, babbar mota mai ɗauke da masara ta kafe a taɓo ta toshe hanya, duk wanda ke bayanta kuma sai ya jira. Shi ya sa tafiyar da a lissafin takarda ba ta wuce awa huɗu ba takan ci awa bakwai ko takwas a motar haya, ban da zaman jiran mota ta cika.

Hanyar Tamale kuwa, duk da tsawonta, kwalta ce. Yankin Fufulso zuwa Sawla, mai tsawon kilomita 147, a da shi ma abin tsoro ne ga direbobi, har sai da aka gina shi da tallafin Bankin Raya Afirka aka buɗe shi a 2015. Tun daga lokacin tafiyar Wa zuwa Tamale ta dawo awa biyar zuwa shida, Tamale zuwa Bolga kuma kusan awa uku. Tsakanin Wa da Sawla titin ya sha lalacewa a shekarun baya-bayan nan, don haka kada ki ɗauka ko'ina santsi ne, amma duk da haka mota tana wucewa rani da damina. Idan kin lura, hanyoyin biyu sun kusa yin kunnen doki a yawan awoyi, duk da bambancin kusan kilomita 200 da ke tsakaninsu. Ta Tumu ta fi arha a kuɗin mota, ta Tamale ta fi sauƙi ga jiki kuma ta fi tabbas, domin daga Tamale ba a rasa motar Bolga daga safe har yamma.

Ya kamata in ɗan tsaya a kan dalilin da ya sa garuruwa biyu maƙwabta, kowanne babban birnin yanki, suka yi wa juna nisa haka, domin ba haɗari ba ne, tarihi ne ya gina shi. Manyan titunan arewacin Gana kamar yatsun hannu suke: tafin yana Kumasi da Techiman, yatsa ɗaya ya miƙe ta Wenchi da Bamboi da Bole zuwa Wa da Hamile, wani ya miƙe ta Kintampo da Buipe da Tamale zuwa Bolga da Paga, kuma mai son tashi daga kan wannan yatsa zuwa kan wancan sai ya gangaro ya sake hawa. Tun zamanin fatake, ayarin goro kudu da arewa yake bi, daga dajin Asante zuwa kasuwanni irin su Salaga da Kintampo, daga nan a nufi ƙasar Hausa ko ƙasashen Mali. Da Turawan Ingila suka kafa mulki a arewa a farkon ƙarni na 20, abin da suka fi buƙata daga can shi ne ma'aikata masu ƙarfi da za su gangaro ma'adinan zinariya da gonakin koko, da kuma shanu da ake korowa kasuwannin kudu, saboda haka hanyar da za ta kawo mutum Kumasi ita suka kula da ita. Layin dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, kuma har yau bai ƙetare zuwa arewa ba. Babu wanda ya ga ribar haɗa Wa da Navrongo a wancan lissafi, tunda babu ɗayansu da ke da tashar jirgin ruwa ko ramin zinariya da Bature ke haƙa.

Ƙasar da ke tsakanin garuruwan biyu ita ma ta taimaka. Idan aka bi miƙaƙƙen layin nan daga Wa zuwa Bolga, za a ratsa kwarin kogin Kulpawn da na Sisili, waɗanda suke malala zuwa Farar Volta, kuma da damina sukan cika su batse su shafe fadamu masu faɗi. Yankin ba shi da yawan jama'a. Hare-haren neman bayi na ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Babatu da Samori, sun watsa ƙauyuka da dama, har garun da mutanen Gwollu suka gina don kare kansu yana nan ana zuwa gani. Bayan haka cutar makantar rafi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa, ta kori manoma daga bakin kogunan na tsawon shekaru, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fara babban shirin yaƙi da ita a 1974 kafin mutane suka fara komawa. Inda babu manyan garuruwa, kuma kowace 'yar tazara sai an gina gada, gwamnati ba ta saurin kai titi. Shi ya sa hanyar da ake da ita ta yi sama zuwa Tumu, dab da iyakar Burkina Faso, kafin ta juyo gabas.

Wannan nisa har siyasa ya taɓa. Daga 1960, Wa da Bolga yanki ɗaya suke, hedikwata tana Bolga, wanda ke nufin malamin makaranta a Lawra ko ɗan kasuwa a Wa, idan yana da wata takarda a ofishin yanki, sai ya sha wannan tafiya da kike shirin yi. A 1983, zamanin Rawlings, aka raba yankin biyu aka ba Wa nata. Rabawar ta rage wa mutane zuwa Bolga neman sa hannu, amma ba ta gyara titin ba. A ganina wannan babban rashin adalci ne ga mutanen ƙasar Sisala, wato yankin Tumu da kewayensa, waɗanda suke cikin manyan masu noman masara a ƙasar nan, kuma daga cikinsu ne aka sami shugaban ƙasa Hilla Limann, ɗan Gwollu, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1981. Gwamnatoci sun sha yin alkawari, an sha ba da kwangila, an kuma gyara wasu sassa, amma manomin da masararsa ta kwana a taɓo da mai naƙudar da aka ɗauko daga ƙauye zuwa asibiti su ne suka biya kuɗin jinkirin shekara da shekaru. Mu da muke zaune a zangunan kudu muna cin tuwon wannan masara, ya dace mu riƙa sa baki a maganar.

Batun jirgi kuwa, Hajiya, ki gode wa ɗanki bisa kyakkyawar niyyarsa, amma ya adana kuɗinsa. Wa tana da filin jirgi, kuma jiragen fasinja sun fara sauka a can a 2019. Bolga ba ta da filin da jiragen fasinja ke sauka, duk da an daɗe ana maganar gina shi, saboda haka mutanen Upper East da filin Tamale suke amfani. Ƙari a kan haka, jiragen cikin gida a Gana kusan dukkansu daga Akra suke tashi, kuma can suke komawa. Ma'ana, idan kin nace sai jirgi, za ki tashi daga Wa zuwa Akra, kimanin kilomita 560 a sama, ki sauka ki jira, ki sake hawa wani zuwa Tamale, wasu kilomita 440, sannan ki fito ki nemi mota ki yi kusan kilomita 150 a ƙasa, tunda filin Tamale yana arewa da gari ne, ta ɓangaren hanyar Bolga. Kin ga an yi tafiyar kilomita 1,000 a sama domin a tsallake tazarar kilomita 200, an biya tikiti biyu, kuma har yanzu ba a tsira daga mota ba. Jiragen Wa ba su kai na Tamale yawa ba, don haka idan lokutan biyu ba su dace ba sai an kwana a Akra. Da hunturu kuma, musamman a Disamba da Janairu, hazo yakan sa a jinkirta tashi ko a soke shi gaba ɗaya. Sannan kaya a jirgi da awo ne, abin da ake yarje wa fasinja bai cika wuce kilo 23 ba, wanda ga 'yar kasuwa irinki bai taka kara ya karya ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Idan tafiyar ta faɗo tsakanin Nuwamba da Mayu, kuma jikinki yana jure girgiza, ki bi ta Tumu. Ki sa surukinki ya je tasha tun ana gobe tafiya ya tambayi mai yankan tikiti ko akwai motar da ke zuwa Bolga kai tsaye, domin irin waɗannan kaɗan ne kuma galibi da asuba suke tashi. Idan babu, sai a yi ta gaɓa biyu, Wa zuwa Tumu, Tumu zuwa Navrongo ko Bolga, kuma a nan ne sammako yake da muhimmanci, domin wanda ya isa Tumu bayan la'asar yana iya tarar da motar gabas ta riga ta tafi, dole ya nemi masauki. Ki riƙe ruwan sha da ɗan guzuri, ki sa tufafin da za ki yi fita da su a cikin leda kafin ki sa su a jaka. Idan kuwa tafiyar ta faɗo daga Yuli zuwa farkon Oktoba, kada ki yi wata-wata, ki bi ta Tamale. A Agustan 2021 ruwan sama ya karya tituna da gadoji a Upper West har wasu garuruwa suka yanke daga Wa, kuma a irin wannan lokaci ne ake buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, Farar Volta ta cika ta yi ambaliya. Magabata sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, balle wannan da bambancinta bai wuce awa ɗaya ko biyu ba.

Ko ta ina kika bi, ki yi ƙoƙari tafiyarki ta zama ta rana. An sha samun 'yan fashi da dare a wasu sassan manyan titunan arewa, sannan rikicin Bawku ya sa an sha sanya dokar hana fita, kuma tasirinsa yakan kai har wajen Walewale, don haka ki tambayi halin da ake ciki a tasha kafin ki hau. Domin ki san girman abin da ke gabanki gaba ɗaya, Kumasi zuwa Wa kimanin kilomita 445 ne, Bolga zuwa Kumasi kuma wajen 540, kowanne tafiyar yini ce. Idan aka haɗa da hanyar Tumu, zagayen naki zai kai kilomita 1,260, idan ta Tamale ne kuwa zai kai wajen 1,450. Ki ware wa hanya kaɗai kwana uku, ban da kwanakin da za ki yi wurin mai jego da na saro kaya. Kasuwar Bolga kuma duk bayan kwana uku take ci, saboda haka ki tambayi ranar tun kina Wa, ki daidaita tashinki da ita.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a babbar sakandare, ina zaune a Asawase. Yaya ake gane nisan sama tsakanin garuruwa biyu alhali ba wanda ya ja igiya ya auna? Kuma me ya sa nakan ga lambobi daban-daban a kan garuruwa iri ɗaya, wani wuri a ce 200, wani wuri a ce 124?

Ɗalibi, Asawase, Kumasi.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Kowane gari a duniya yana da lambobi biyu da ke nuna matsayinsa: nisansa arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu a tsakiya, da nisansa gabas ko yamma daga layin Greenwich, wanda ya ratso ta ƙasarmu ya faɗa teku a Tema. Ana auna su da digiri. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne a ko'ina. Digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma kuwa yana raguwa yayin da ake nisa da tsakiyar duniya, a arewacin Gana ya kai kilomita 109.

Mu ɗauki garuruwan da Hajiya ta tambaya. Wa tana kan digiri 10.06 arewa da 2.50 yamma, Bolga kuma tana kan 10.79 arewa da 0.85 yamma. Bambancin arewa shi ne 0.73, idan ka ninka da 111 za ka sami kilomita 81. Bambancin gabas da yamma shi ne 1.65, idan ka ninka da 109 za ka sami kilomita 180. Yanzu sai ka yi amfani da ƙa'idar alwatika mai kusurwar tsaye da aka koya muku a darasin lissafi: 81 sau 81 ya ba da 6,561, sannan 180 sau 180 ya ba da 32,400, jimilla 38,961, tushenta kuma kusan 197. Ka ga ta haka aka sami kilomita 200 ɗin. Wannan dabara tana aiki ga garuruwan da ba su yi wa juna nisa sosai ba. Idan tazarar ta kai ta Akra zuwa Jidda, dole a shigar da lanƙwasar duniya cikin lissafin, kuma wannan shi ne abin da kwamfuta da wayar hannu suke yi.

Bambancin lambobi kuwa galibi daga ma'auni yake. Mil ɗaya na ƙasa kilomita 1.609 ne, saboda haka kilomita 200 mil 124 ke nan, kuma har yanzu dattawan direbobinmu da mil suke lissafi domin da shi suka tashi. Matuƙan jirgin sama da na ruwa suna da nasu mil ɗin, mai kilomita 1.852, a wurinsu tazarar mil 108 ce. Ban da wannan, wani yana aunawa daga tsakiyar gari, wani daga filin jirgi, kuma idan filin yana bayan gari kamar na Tamale za a sami bambancin kilomita goma sha wani abu.

Akwai wani lissafi da nake so ka gwada da kanka, domin yana nuna halin da titunan ƙasa suke ciki. Ka raba nisan mota da nisan sama. Kumasi zuwa Wa kilomita 385 ne a sama, 445 a ƙasa, ƙarin bai wuce kashi 16 cikin 100 ba. Kumasi zuwa Bolga 460 ne a sama, 540 a ƙasa, ƙarin kusan kashi 17. Amma Wa zuwa Bolga ta Tumu ƙarin ya kusa kashi 40, ta Tamale kuma ya haura kashi 130. Duk inda ka ga wannan lamba ta yi tsalle, to ka san akwai kogi marar gada, ko daji, ko kuma yankin da masu tsara tituna suka yi wa riƙon sakainar kashi.

Tambaya: Malam, ni tsohon direba ne, yanzu yarana ne suke tuƙi. Muhawara ta taso a majalisarmu a Sabon Zango kan sallar ƙasaru. Tunda yanzu waya tana nuna nisa iri biyu, da wanne matafiyi zai yi aiki, na sama ko na titi?

Dattijo, Sabon Zango, Kumasi.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan zangunanmu suke bi, nisan da ke halatta ƙasaru shi ne baridi huɗu, wato mil 48 na ma'aunin malaman da. Malaman zamani sukan ƙiyasta shi da wajen kilomita 80, wasu kuma sukan kai shi kusa da 90, saboda saɓanin da ke akwai kan tsawon mil ɗin. Abin da littattafan fiƙihu suke magana a kai shi ne tafiyar da mutum yake yi da ƙafarsa ko abin hawansa, saboda haka hanyar da matafiyi ya bi ita ce abin lura, layin da waya ta ja a sama ba ya shiga lissafin wanda ke cikin mota. Sai dai malamanmu sun yi togiya guda: wanda yake da gajeriyar hanya da ba ta kai nisan ƙasaru ba, ya bar ta ya bi doguwa ba tare da wani uzuri ba, ba zai yi ƙasaru ba. Idan kuwa ya bar ta ne saboda ruwa ya karya gada, ko tsoron 'yan fashi, ko wata buƙata ta gaskiya, hukuncinsa na doguwar hanyar ne.

A kan Wa da Bolga babu abin muhawara, domin ko da nisan sama aka auna ya ninka iyakar fiye da sau biyu, balle na titi. Wa zuwa Tumu ma ya wuce iyakar, haka Tamale zuwa Bolga. Bolga zuwa Navrongo kuwa, mai kilomita 30, bai kai ba ta kowace fuska. Inda maganar take buƙatar natsuwa shi ne tafiya irin ta Bolga zuwa Bawku, wadda a sama ta ɗan haura kilomita 70, a titi kuma tana wajen 80, wato a kan gaɓa take. A irin wannan, Baba, ku kai maganar gaban limaminku ya faɗa muku ƙiyasin da yake aiki da shi, yaran naku su tsaya a kansa. Su kuma tuna cewa ana fara ƙasaru ne bayan an wuce gidajen gari, kuma direban da ya isa Bolga ko Wa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ko don gyaran mota ko don jiran lodi, sallarsa cikakkiya zai yi har ranar da ya sake kama hanya.